Idon Tagulla na Abdul-Kadiri

A zongon Yendi, in aka ambaci Abdul-Kadiri Mai Hoto, kowa da abin da yake faɗa. Fatake suna cewa mutum ne mai taurin kai amma ba ya ha'inci. Mata suna cewa in ya ce "kada ki motsa", to ko ƙuda ya sauka miki a hanci sai ki haƙura. Liman kuwa cewa yake bai taɓa ganin mai zuwa sahun farko da warin maganin wanke hoto irin nasa ba. Abu ɗaya ne duk suka yarda da shi: wanda Abdul-Kadiri ya zaunar a tsakiyar hoto, ko tsumma ya sa, zai fito kamar ɗan sarki. Wanda ya tsayar a gefe kuwa, ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Ran wata Laraba, cikin daminar 1962, bayan la'asar, aka kawo rahoto caji ofis cewa an same shi kwance cikin jini.

Sufeto Iliasu Bukari ya iso da ƙafa, don wurin ba nisa. Mutumin Gambaga ne, dogo, mai furfura a gefen kai. In ana yi masa magana sunkuyar da kai yake kamar mai neman allura a ƙasa. Saje Awudu ya riga shi zuwa, yana ta korar mutane daga bakin ƙofa.

Gawar tana bayan shagon, ƙarƙashin mangwaron da marigayin yake zaunar da masu hoto. Ƙeyarsa ta bugu da kusurwar dakalin siminti. Rediyonsa yana kan tebur, kekensa yana jingine a bango. Kyamarar ma tana tsaye a kan ƙafafunta uku, babban akwatin katako mai baƙin hannun riga a gefe, inda ake zura hannu a wanke hoto. Amma a gabanta, inda idon gilashin ɗaukar hoto yake zama, sai rami kawai.

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Saje. "Mai laifin yana bayan kanta. Osman Tela. Rabin kasuwa sun ji shi yana rantsuwa sai ya ƙwaƙule wa akwatin nan ido."

Sufeto ya zagaya bakin ramin da yatsa. Zoben da ake ɗaura idon a jikinsa yana nan lafiya, ko ƙwarzane babu.

"Saje, in ka yi fushi da abu, yaya kake cire shi?"

"Fizge shi nake."

"Wannan murɗa shi aka yi, a hankali." Ya ɗaga wata 'yar igiya da ke reto a jikin akwatin, an yanke bakinta. "Wannan fa ta mece ce?"

"Ta hular ido ce."

Wata mata ce ta amsa, tana zaune jikin bango, kwanon tuwo yana kife a gabanta. Latifatu ce, ɗiyar marigayin, bazawara mai kimanin shekara talatin. Ita ta kawo masa abinci ta same shi haka. Yatsunta sun rine da maganin hoto, don ita take taya shi wanki.

"Hular fata ce da ake rufe idon," ta ce. "Kyamarar nan ba ta da maɓalli. Baba cire hular yake, ya ƙirga uku, ya mayar. Ba a ɗaukar hoto sai da ita."

"Osman ya san haka?"

"Ni ban san abin da ya sani ba. Na dai gan shi da azahar yana fita daga nan yana zage-zage. Shi ne."

Osman Tela ƙaramin mutum ne mai babbar murya, amma a bayan kanta muryar ta dushe. Leɓensa ya kumbura. Sufeto ya dubi leɓen, ya dubi Saje, Saje ya dubi silin.

"Ka je shagon yau?"

"Ban je ba, Masa, ranka ya daɗe. Wallahi ina kan keken ɗinki."

"An gan ka da azahar."

Osman ya ce, "Na je."

"Me ya kai ka?"

"Hoto. Da yayana ya dawo Hajji, dangi duka muka taru aka ɗauka. Tsohon nan ya tsayar da ni a ƙarshen layi, bayan surukai. Fuskata ta fito kamar tuwon da aka taka. Wata biyu ke nan, in na shiga kasuwa sai a ce ga aljanin gidan Alhaji. Ko ɗiyata ta nuna hoton ta ce wannan waye. Na je in ce ya sake."

"Ya ce me?"

"Ya ce tsakiya ɗaya ce, kuma ba tawa ba ce. Na zage shi, Masa, ban ɓoye ba. Amma na bar shi tsaye yana yi mini dariya."

"Ina hular?"

Osman ya taɓa kansa. "Saje ya jefar da ita wajen kama ni."

Sufeto ya gane Osman bai ma san idon yana da hula ba.

Washegari aka binne Abdul-Kadiri da hantsi. Da azahar aka bugo waya daga Tamale. Babban jami'i ya ce shaidu sun isa, akwai rantsuwa a bainar jama'a, akwai wadda ta gan shi. A kawo Osman ran Talata a gurfanar da shi kan kisan kai. Sufeto ya ajiye wayar. Ya san inda irin wannan shari'a take ƙarewa, igiya ce.

Da yamma ya koma gidan makoki, ya nemi a kira masa Latifatu zaure.

"Ki gaya mini abin da ke cikin idon nan da har za a bar rediyo a ɗauke shi."

Ta shiga ciki ta fito da hotuna biyu, ta ajiye a kan tabarma.

"Wannan a Tamale aka ɗauka, da sabon ido, irin mai shuɗi-shuɗin nan. Duba. Mutum ya fito, bango ya fito, kazar da ke wucewa ma ta fito. Kowa daidai, daga kusurwa zuwa kusurwa." Ta tura ɗayan. "Wannan na Baba ne."

Wani dattijo ne zaune. Ana iya ƙirga gashin gemunsa. Amma daga kafaɗunsa zuwa waje komai ya fara narkewa, ganyen mangwaron da ke bayansa ya juya ya zagaye kansa kamar ruwan da aka dama a ƙwarya.

"Idon Baba mutum ɗaya yake zaɓa," ta ce. "Gilashi huɗu ne a cikin bututun tagulla. Biyu a gaba an manne su, biyu a baya da iska a tsakaninsu. Yana shan haske da yawa, shi ya sa ƙirga uku take isa ko a inuwa. Amma tsakiya kaɗai yake riƙewa. Ba mugunta Baba yake yi wa na gefe ba, haka gilashin yake."

"Ina ya same shi?"

"Kakanmu kuku ne a gidan wani Bature zamanin Jamus. Da suka gudu, ya bar masa akwati, idon yana ciki."

"Wa zai gaje shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ganin Baba ya fara rauni. Da sallar da ta wuce ya faɗa a gaban dangi cewa ni zai bar wa. Wasu ba su ji daɗi ba. Sun ce mace ba ta shiga ƙarƙashin baƙin zane a gaban maza."

"Su wa?"

"Maza," ta ce, ta tattara hotunanta.

Ran Juma'a, wajen sadakar uku, wani baƙo ya iso da ƙurar hanya a rigarsa. Ya faɗi a zaure yana kuka har sai da aka riƙe shi. Aka ce wa Sufeto ƙanen marigayin ne, Jibirilu, shi ma mai hoto ne a Bawku. Bayan an shafa fatiha, Sufeto ya ja shi gefe.

"Allah ya ba da haƙuri. Yaushe rabonka da shi?"

"Tun sallah."

"Ina kake ran Laraba?"

"Salaga. Tun Talata nake can, gidan abokina Alhaji Seidu mai goro. An yi masa haihuwa, ya kira ni hoton suna. Jiya da yamma direban motar Yendi ya kawo labarin." Ya laluba aljihu da sauri. "Ga ma aikin da na yi."

Hoton wata tsohuwa ce zaune riƙe da jariri. Ya fito tas. Sai dai siriri ne, tsawonsa ya fi faɗinsa ƙwarai, har an yanke gwiwar hannun tsohuwar.

"Yaushe aka yi sunan?"

"Jiya Alhamis, da hantsi."

"Me ya sa hoton ya tsuke haka?"

"Sabon yayi ne. Haka ake yi a Kumasi yanzu."

"In riƙe shi?"

Jibirilu ya dubi hoton. "Riƙe mana." Sannan ya ce, "Wannan telan, yaushe za a kai shi?"

"Talata."

"Allah ya saka mana," in ji Jibirilu. Ya ce gobe zai wuce Bawku, ya bar shago ba kowa.

A ofis, Sufeto ya ɗora hoton a kan rula. Gefe ɗaya ya karkace. Ba wuƙar yankan hoto ba ce, almakashi ne.

"Saje, zuba mai a mota. Gobe Salaga."

"Ranka ya daɗe, ruwa ya cinye hanyar Bimbila. Kuma mai laifi yana hannu."

"Shi ya sa ba zai gudu ba. Zuba mai."

Sau biyu motar tana kafewa a taɓo. Sai bayan azahar suka shiga Salaga, suka ratsa tsakanin tsofaffin rijiyoyi har ƙofar gidan Alhaji Seidu. Suka same shi a zaure yana yayyafa wa huhun goro ruwa.

"Jibirilu? Tun Talata yake nan. A ɗakin baƙi ya kwana."

"Da wace mota ya zo?"

"Mota dai. Ni ba kamasho ba ne."

"Ran Laraba me ya yi?"

"Barci. Ya gaji."

Wata murya ta fito daga bayan asabari. "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Tuwon baƙon nan na Talata wa ya ci? Ba kai ka ci ba, ka ce kada a yi asara?"

"Fulera, ana magana da hukuma!"

"Ai da hukumar nake." Uwargidansa ce. Ta ɗaga asabarin ta fito, tana gyara mayafi. "Ranka ya daɗe, ran Laraba ya zo, ana kiran magariba, a motar Bawku mai biyowa ta Yendi. Ko ruwan da na ba shi bai iya riƙewa ba, sai da ya zubar."

Alhaji Seidu ya ajiye ƙwaryar ruwan. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ce mini ya yi wata ya tsaya gani a Yendi, kada matarsa ta ji. Sirrin maza ne. Ban san da gawa a ciki ba."

Sufeto ya fito da hoton ya nuna wa Fulera. "Haka ya ba ku shi?"

"Haka ya ba mu duka, a yanke. Ina kallonsa ya ari almakashina yana datse gefe yana zubarwa a juji, har da baƙin hoton da ake fara yi, wanda mutum yake fitowa da farar fuska da baƙin haƙori." Ta girgiza kai. "Na ce a'a. Siffar jaririn kwana bakwai ba ta kwana a juji, akuya ta taka, mai mugun nufi ya tsinta. Bayan ya tafi na kwashe su duka."

Ta shiga ta fito da ƙunshin tsumma. Sufeto ya baje guntayen a tabarma, ya gwada ɗaya, ya gwada biyu, na uku ya zauna daidai a gefen hoton. Gwiwar hannun tsohuwar ta dawo. A bayanta, ganyen ceɗiyar gidan ya narke, ya juya, ya zagaye kanta.

Saje Awudu ya cire hularsa ya shafa kai.

Ran Lahadi suka dawo Yendi. Sufeto ya sa aka kira Latifatu ofis, ya ajiye mata guntayen bai gaya mata daga inda suka fito ba.

"Wannan juyawar ganyen, idon mahaifinki kaɗai yake yin ta?"

"A'a. Duk tsohon ido mai irin ginin nan yana yi. Na ji akwai wani a Kumasi."

"To ba shaida ba ce."

"Ba ni su kusa da taga."

Ta ciro ɗan madubin ƙara girma da take duba hoto da shi in za ta gyara shi da alƙalami. Ta daɗe a kan guntu ɗaya.

"Zo ka gani, ranka ya daɗe. Hasken da yake ratsowa tsakanin ganye, ka ga ya zama 'yan ƙwallaye farare?"

"Na gani."

"Dubi kowanne."

Sufeto ya kara ido. Kowane ƙwallon haske yana da ɗan gibi a gefe guda, kamar ƙosan da ɓera ya gutsura.

"Shekara biyar da suka wuce iska ta kayar da kyamarar, bakin gilashin gaba ya ɗan ɓalle. Wurin yana watsa haske cikin hoto, sai Baba ya cike shi da tawadar allo. Tun daga ranar, duk hasken da bai zauna ba sai ya fito da gibin nan. Ba mai gani sai da madubi. Ni da Baba kaɗai muka sani." Ta ɗago. "Wannan idonmu ne. Yaushe aka ɗauki hoton?"

"Ran Alhamis da hantsi."

"Lokacin ana binne Baba. Osman yana ina?"

"Yana bayan kanta tun Laraba."

Ta zauna a benci. "Wa ya ɗauka?"

Sufeto ya juya baƙin hoton. A bayansa akwai hatimin roba: J. Mai Hoto, Bawku. Latifatu ba ta yi boko mai nisa ba, amma ta san hatimin. Ta rufe baki da gefen mayafi.

"Sai kin bi mu," in ji Sufeto. "Ni ba zan gane idon ba ko na gan shi. Jibi da safe motar Tamale za ta zo ɗaukar Osman."

Da asubar Litinin suka kama hanya. Suka hau tudun Gambaga suka gangara. Ana la'asar suka shiga Bawku, ranar kasuwa, shanu da jakuna sun cika hanya.

Rumfar Jibirilu tana kusa da tasha. Yana tsaye yana gyara wa wani bafatake zaman rawani a gaban labule. Da ya ga motar, hannunsa ya tsaya a kan rawanin. Da ya ga wadda ta fito daga baya, sai ya sake shi.

"Ɗiyata, ke da makoki, me ya fito da ke?"

"Ina wuni, Baffa," ta ce, ba ta dube shi ba. Kyamarar take kallo.

Idon da ke gabanta baƙi ne wuluk, an rufe shi da hular ƙyalle.

"Sabon ido ka saya?" in ji Sufeto.

"Tsoho ne. A Kumasi na saye shi bara, wurin wani Kwara ɗan Lebanon."

Sufeto ya kai hanci kusa. "Bara, kuma har yanzu yana warin fentin keke?"

"Tsatsa ya fara. Na shafa masa."

"Tagulla tana tsatsa?"

"Wa ya ce tagulla ce?"

Saje ya ciro mabuɗin mota ya ja a jikin bututun. Wani siririn layi ruwan zinariya ya bayyana. Mutanen tasha suka fara taruwa. Bafataken ya miƙe ya koma cikinsu.

"To tagulla ce," in ji Jibirilu, gumi yana bin wuyansa. "Ita kaɗai ce a duniya? Turawa sun ƙera dubu irinta. Ka je Kumasi ka tambaya."

Sufeto ya fito da guntayen hoton. "Me ya sa ka yanke waɗannan?"

"Na gaya maka yayi ne."

"Uwargidan Alhaji Seidu ta ce ran Laraba ka iso, da magariba, a motar da ta tsaya Yendi da azahar."

"Ta ruɗe. Hidimar suna ta yi mata yawa."

Sufeto ya juya wurin Latifatu.

Ta matso. Ta cire hular ƙyallen. A bakin gilashin, ta ƙasa, akwai ɗan baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero.

"Fenti ne ya ɗiga," in ji Jibirilu da sauri.

"Fenti ba ya bin ruwa, Baffa."

Ta sa ɗan yatsa a baki, ta jiƙa shi, ta goga a kan ɗigon. Ta ɗaga yatsan kowa ya gani, ya yi baƙi. A inda ɗigon yake, ɓallin gilashin ya fito yana ƙyalli.

"Tawadar Baba ce," ta ce. "Ni na dafa masa ita."

Jibirilu ya dubi yatsan. Ya nemi kujerar da yake zaunar da masu hoto, ya zauna a kai.

"Na ubanmu ne," ya ce. "Ni da shi uba ɗaya. Shekara talatin ina roƙonsa ya ba ni aro ko na sati ɗaya, yana cewa hannuna bai nuna ba. Manyan Bawku suna tsallake rumfata su tafi Yendi, wai can ake fitowa da kwarjini. Sannan ya tashi a gaban dangi ya ba mace."

"Ran Laraba fa?"

"Mota ta tsaya shan ruwa. Na ce bari in gwada sau ɗaya. Na shiga ta baya, na tarar telan nan ya fita ke nan. Na ce, Yaya, ko na kwana biyu, in yi sunan Seidu da shi in dawo maka. Ya ce ko na minti biyu. Na kama murɗawa, ya riƙe mini riga, na ture shi. Turewa ɗaya."

"Ya mutu nan take?"

Jibirilu ya girgiza kai.

"Yana numfashi. Idonsa a buɗe, yana kallona. Sai na ji direba yana hon." Ya rufe fuska da tafin hannu. "Na yanke hular, na fita."

Latifatu ta juya ta koma mota, ta rufe ƙofa.

"Ka san an kama Osman," in ji Sufeto. "Ka tambaye ni ranar da za a kai shi."

"Na sani."

Saje ya sa masa ankwa. Sufeto da kansa ya murɗe idon a hankali, ya naɗe shi cikin hankici.

A barikin Bawku suka ɗan runtsa, suka taso tun tsakar dare. Da suka shigo Yendi rana ta ɗaga, motar Tamale tana tsaye a ƙofar caji ofis, injinta yana aiki. An riga an fito da Osman, hannuwansa a ɗaure, ƙafarsa ɗaya a kan matakin motar. Matarsa da ɗiyarsa suna tsaye a bakin wayar shinge suna kuka. Mutanen zongo sun cika hanya.

"Ku sauke shi!" Saje ya yi tsawa tun motarsu ba ta gama tsayawa ba.

Kofur ɗin Tamale ya nuna takarda. Sufeto ya karɓa, ya ɗora a kan bonet, ya soke suna ɗaya ya rubuta wani, ya sa hannu. Saje da kansa ya kwance wa Osman ankwa, yana ta fama da mabuɗin, ya kasa haɗa ido da shi.

Osman ya tsaya yana murza wuyan hannunsa, bai fahimci abin da ke faruwa ba, sai da ya ga an fito da Jibirilu daga bayan mota. Liman, wanda ya riƙe Jibirilu ran sadakar uku yana ba shi haƙuri, ya ja da baya.

Aka bi da Jibirilu ta gaban Osman zuwa matakin motar. Ya wuce shi taku biyu kansa a ƙasa. Ya ɗora ƙafa, sannan ya sauke ta. Kofur ya ja shi, ya ƙi motsi.

"Osman," ya ce. Muryar ba ta fita ba. Ya sake, da ƙarfi, yadda na bakin waya za su ji. "Osman! Ni na kashe Yaya. Na san kana ciki, na san igiya za su sa maka, na zauna na ci sadaka na yi shiru. Ba ka yi mini komai ba. Don Allah ka yafe mini."